Langar da Ke Neman Raba Mana Lambu

Gwaggo mai filin shawara,

Don Allah ki taimake ni kafin kwanon abinci ya raba mana gandu. Na san za ki yi dariya, ni ma da wata ce ta rubuto haka da na yi. Amma rijiyar lambunmu ce ke shirin fita daga hannun 'ya'yana, kuma duk Gure an yi ittifaƙi cewa ni ce sanadi.

Bari in fara da kaina, don kada ki ɗauka wata sakarya ce ke miki rubutu. Mahaifina tafinta ne a Damagaram, shi ya sa ni lakol, makarantar boko, a lokacin da ake ganin sa 'ya mace lakol kamar sayar da ita ne. Na yi karatu har na wuce inda yawancin maza ke tsayawa. Ban fito da girman kai ba, na fito da abu biyu: wanke hannu da rufe abinci. A kansu na yi wa 'ya'yana tarbiyya, kuma ba na neman afuwar kowa. Yaron da ya ci abinci a tsaye a gidana ya san abin da zai biyo baya.

Maigidana da wansa, wanda muke kira Yaya, gandu ɗaya suke tun rasuwar mahaifinsu. Lambu ne a cikin kwari, tsakanin tuddan rairayi, da ɗan nisa daga gari. Akwai dabino, akwai albasa da alkama da barkono, sai rijiya guda ɗaya tak a gefen gabas. Da sassafe maza ke fita, su biyu da samarin 'ya'yansu, ba sa dawowa sai yamma. Abincin rana mu ke aikawa, mako guda ni, mako guda faccalata Zaliha, matar Yaya. A cikin me? A cikin akushin marigayi mahaifinsu.

Gwaggo, da kin ga akushin nan! Baƙi ne wuluk, faɗinsa ya isa a yi wa jariri wanka, ya tsage a gefe, miya na bin tsagin tana ɗiga a gadon bayan jaki. A rufe shi da faifai, iska ta ɗaga faifan, rairayi ya riga masu abinci yin bismilla. Ƙudaje kuwa tun daga bakin gari suke take masa baya kamar 'yan kai amarya. Wannan shi ne abin da ake ce mini gado ne, kada in taɓa.

Kuma ba ƙazantar kaɗai ba. Yaya mutum ne mai kyauta, musamman da tuwon da wata ta tuƙa. Mai raƙumi, mai kanwa, makiyayin da ya zo shayar da awaki, duk wanda ya gifta ta kwarin nan sai ya sa hannu. Maigidana kuwa kunya ta yi masa yawa. Ba ya taɓa nama sai wansa ya turo masa, kuma da Yaya ya janye hannu shi ma zai janye, ko yanzu ya fara. Ya dawo mini ciki a lafe, yana rantsuwa wai ya ƙoshi. Ga kuma ƙaramin ɗana Isa, bara da damina ciwon ciki ya kwantar da shi har muka fara fid da rai. Lokotoron bariki, wato likita, ya ce ƙuda ne da abinci a buɗe. Ni na yi jinyarsa, ba akushi ba.

To, wata ranar kasuwa wani farke da ya zo daga wajen Kano ya baje kaya, sai na ga langa: kwanon ƙarfe mai mariƙi, da murfi mai kamawa gam. Na sa ya zuba ruwa a ciki, na kife ta, ko ɗigo. Na sayar da tunkiyata, tawa ta kaina, na saya wa kowane namiji tasa. Ki lura, ban ware kowa ba. Ta Yaya ita ce babba, mai zanen jajayen furanni, kuma ranar da na fara aikawa cinyar zabo na ɗora masa a kan tuwo. Wannan shi ne babban laifin da na aikata, a rubuta.

Ga yadda abin ya kasance, kamar yadda na tatso shi da ƙyar daga bakin maigidana. Aka sauke kaya a gindin dabino, aka miƙa wa kowa tasa, suka zauna a jere kowa da kwano a cinya. Maƙwabtan lambu suka leƙo ta kan shinge, wani ya tambaya ko kumandan ya ɗauke su soja ne, tunda ga shi har an raba musu gamel, kwanon cin abincin soja. Ana cikin haka sai ga Aisami, wani makiyayi daga Alakos, aminin Yaya tun suna samari, ya durƙusar da raƙumi ya yi sallama. Yaya ya ce masa bismilla, ya dubi bakin langa, ya ga hannu ɗaya kaɗai ke shiga. Sai ya miƙa masa ita dungum, ya ce shi ya riga ya ci. Bawan Allah ya cinye tuwo da cinyar zabo, ya yaba wannan babbar kyauta, ya rataya langata a sirdi, ya kama hanyar Alakos. Har yau tana can. Yaya ya wuni da yunwa, da za su tashi ya ce wa ƙanensa tunda an fara rabo daga tuwo, to a ƙarasa shi har ƙasa.

Na ɗauka fushin yunwa ne, zai wuce da abincin yamma. Ashe da gaske yake. Ya kai magana gaban dattawan unguwa, cewa matar ƙanensa ta auna masa abinci a lambun ubansa, a gaban baƙo, kuma wannan alama ce gidan ƙanen na son tukunyarsa daban. Dattawa sun ce a dakata sai an sauke dabino, in ba a shirya ba a raba. In aka raba kuwa, babba ke fara zaɓe, kuma ba sai na gaya miki gefen da zai zaɓa ba. Mu kuma mu tashi da rairayi da langa.

Akushin yana ɗakina a kife, tunda a makona abin ya faru. Ba wanda ya aiko a karɓa. Zaliha a ƙwarya take aika wa nata mutanen, in mun haɗu gaisuwa ce kawai mai sanyi. Ga kuma maigidana. Yanzu yana zama shi kaɗai a wata inuwa, yana cinye abincinsa tas, ba rairayi, ba ƙuda, ba hannun baƙo. Kuma ramewa yake yi. Ki ga nasarar da na samu.

Ban ce Yaya mugu ba ne. Shekarar da fara ta cinye gonaki shi ya sayar da raƙuminsa muka ci gero gida biyu, ban ji ya ƙirga lomar kowa ba. Amma kirkinsa bai taɓa korar ƙuda ko ɗaya ba.

Ga inda nake neman shawararki. Al'adar gidan ce, ranar sauke dabino kowa da kowa a fita kwari, har mata da yara, a shimfiɗa tabarmi a wuni a ci a can. Bana girkin a kaina ya faɗo, kuma idon kowa zai kasance kan abin da zan sauke daga bayan jaki. In na kai langa, na sa hannu a rabon. In na kai akushi, na gaya wa 'ya'yana cewa abin da na koya musu wasa ne, ana ajiye shi duk ranar da babba ya ɓata rai. Wanne zan ɗauka?

Taki,
Uwar Samari, Gure


Ƙanwata Uwar Samari,

Na yi dariyar, ba zan ɓoye miki ba, musamman wajen raƙumi. Amma na sake karantawa, na ga abin ba na dariya ba ne, don haka ga abin da nake gani.

Kina da gaskiya a kan ƙuda da rairayi. Macen da ta yi jinyar ɗanta har ta fara fid da rai ba ta bukatar izinin kowa kafin ta rufe abinci. Kada ki bari a ce miki iyayin 'yan lakol ne.

Sai dai ki koma ki tuna maganar lokotoro. Cewa ya yi a rufe abinci. Ban ga inda ya ce a raba shi ba. Kin tafi kasuwa neman murfi, kin dawo da rabon gado. Ki dubi abin daga inda Yaya ke zaune. Babban gandu ba shi da rawani, ba shi da tambari. Abin da ke nuna shi ne babba bai wuce wannan ba: shi ke cewa bismilla, shi ke kiran baƙo, shi ke tura wa ƙane nama. Kin karɓe masa duk wannan a rana ɗaya, kin ba shi furanni. Girman langarsa ma bai taimaka ba, don wanda aka ba babban kaso an dai sa shi cikin masu kaso. Kuma a duk wasiƙarki ban ga inda kika shawarci maigidanki ko Zaliha kafin ki ɗora wa jaki kaya ba. Na tabbata da Isa ne ya canja wani abu a ɗakin girkinki ba da saninki ba, da ya san abin da zai biyo baya.

Shi ma Yaya ya yi saurin hawa. Kai ƙarar kwano gaban dattawa ya yi yawa. Amma ki lura da abu biyu. Mai son rabo da gaske ba ya yarda a jira dabino, kuma ba ya barin akushin ubansa a ɗakin wadda yake fushi da ita. Ƙofa ce ya bar miki a buɗe, yana jiran ki gani.

Kafin a zaɓi abin ɗaukar abinci, a tambayi hannu nawa zai shiga, sannan me za a zuba. Langa ta mutum ɗaya ce: saurayin da zai bi awaki daji, ko maigida in zai tafi kasuwar Kelle. Kuma ba abin da ya kai ta ɗaukar miya da mai, tunda ba ta zuba. Amma kada ki sa mata fura ko nono, ƙarfe in ya sha rana nan da nan za su yi tsami, gora da ƙwarya sun fi ta wannan aiki. In kin wanke ta ki shanya ta sosai, in ba haka ba tsatsa za ta cinye miki tunkiyarki. Akushi kuwa yana riƙe ɗumin tuwo, yana ɗaukar hannuwa da yawa. Aibinsa tsagin nan ne da faifan da iska ke wasa da shi, kuma duk biyun suna da magani. Ki kai shi a ɗinke tsagin, ki wanke shi da toka da ruwan zafi, ki shanya a rana. Ki saƙa masa sabon faifai mai zurfin baki, ki naɗe su tare da ƙyalle mai tsabta ki ƙulle ta sama. Tuwo ya tafi a akushi, miya ta tafi a langa, sai an zauna a juye. Kin ga an rufe, ba a raba ba.

Yunwar maigidanki kuma ba kwano zai magance ta ba. Kunyar wansa ba za ta bar shi ba har tsufa, kuma ba abin ƙi ba ce. Ki cika masa ciki kafin ya fita, ki rataya masa goran fura, sannan ki riƙa tuƙa tuwo da baƙo a ranki, tunda kin san kwarin ba ya rasa shi. Ki haɗa da buta, ki roƙi maigidanki ya ce wa Yaya shi zai riƙa sa samari su wanke hannu. Ki ba Yaya abin da zai yi umarni a kai, za ki sha mamakin yadda zai riƙe tsabtar nan ya fi ki.

Kada ki jira ranar dabino, don a gaban jama'a ba wanda ke son a ga ya sauko. Ki fara da Zaliha. Ki shiga ɗakinta da langa ɗaya, ki ce mata ta miya ce, kuma ki bar lakol a bakin ƙofa. Bayan haka, wata Juma'a, ki cika akushin da tuwo mai kyau, ki ba maigidanki ya kai gidan wansa da hannunsa. Kada ki haɗa da saƙo, kada ki haɗa da bayani. Kin san ba a mayar da kwano wayam. In ya dawo da goro ko dabino a ciki, rijiyarku ta zauna. In kuwa bai dawo ba sam, sai kika ji Zaliha ta aika abincin lambu a cikinsa a makonta, to wannan ya fi goro.

'Ya'yanki ba za su ce koyarwarki wasa ce ba. Za su ga uwarsu ba ta saki tsabta ba, ba ta kuma bari gidan kakansu ya tsage ba, sun ƙaru da darasi na uku ke nan.

Ita kuwa wadda ta tafi Alakos, ki yafe ta. A duk langunan da kika saya, ita kaɗai ta sami aikin da ya dace da ita: mutum ɗaya a kan raƙumi.

Allah ya ƙara wa Isa lafiya, ya sa dabinon bana ya yi albarka, ya sa jikokinki da na Zaliha su ja guga a rijiya ɗaya.

Gwaggonki