Inuwarka a Ruwan Garnaɗa

Zuwa ga ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a duk garin da ka kwana. Mu a Kurudu sai godiyar Allah.

Ka yi haƙuri da na kawo maganar gida bainar jama'a. Saƙonnina sun taru a wayarka ba ka buɗewa, amma a wannan shafin ba ka fashin saka hotuna, shi ya sa na biyo ka nan. Masu bibiyarka su karanta, ba komai. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa sai ya kama.

Na ga hoton jiya, masallacin Kurɗuba. Ginshiƙai jere kamar ba za su ƙare ba, kowanne ɗauke da bakan gizo mai ratsin ja da fari. Ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi kyau. A ofis na buɗe shi, na shagala har oga ya aiko a karɓi fayil ɗin da yake jira. Mutane sun cika ƙasan hoton da masha Allah. Ni kuwa abin da na saba na yi, na bi shi lungu-lungu ko zan gan ka. Ba ka ciki.

Tun kana ƙarami haka kake. Lokacin da Mama ke saro tukwane a Ushafa, matan can sukan gutsura maka yumɓu, ka zauna a gefe ka gina gida har da soro da taga, ka ƙi tashi sai an ɗauko ka. Ran sallah kuma, in an kai mu Babban Masallaci, kowa na gyara hula a ɗauki hoto, kai ka ɗaga kai kana kallon ƙubba har taka hular ta faɗi. Mama ta ce, "Wannan yaro, gini ne zai raba ni da shi." Da dariya ta faɗa.

Ka karanta zanen gine-gine, ka gama, ka sha yawon ofisoshin Abuja har takalminka ya gaji. Da abokan karatunka suka shirya zuwa Sifen kallon tsofaffin biranen Andalus, ni na tsaya maka a gaban Mama, na ce a bar yaro ya buɗe ido. Su sun dawo da tsaraba. Kai ka tsaya.

Na san ba ka da takardun zama, na san in ka fito ba komawa. Ban ce ka dawo ba, Nasiru. Na daɗe da cire rai da wannan.

Fuskarka kawai Mama ta nema. In an kira ka a bidiyo sai ka ce sabis ba kyau. In na ce ka turo hoto, sai ka turo gini. Hasumiya, ƙofar katako mai ƙusoshin tagulla, rufin da aka sassaƙa kamar saƙar zuma. Saboda kai matar nan ta koyi buɗe hoto da yatsu biyu. Takan duba aikin ta jinjina kai, ta ce, "Mutanen da sun san aiki. To shi Autan yana ina?"

Ban san me kake ɓoyewa ba. Rama ce? Ko kayan aikin da kake sawa ne ba ka so a gani? Haba Nasiru, matar da ta wanke maka kashi ce za ta ga ramarka ta raina ka?

Sau ɗaya ka yi kuskure. A fadar Garnaɗa, wurin wani dogon tafki da ginin ke kwance a cikin ruwansa, inuwarka ta fito a gefe, hannu a sama riƙe da waya. Ba ido, ba hanci, baƙin mutum kawai. Mama ce ta gano ta kafin ni. Ta sa na kai Mararaba aka wanke hoton babba, aka sa masa gilashi, aka rataye a falo. Baƙi sukan yaba ginin, ita kuma ta taso ta ɗora yatsa a kusurwa ta ce ga ɗanta.

Na rubuto maka cewa likita ya ce hawan jinin ido ne ya kama Mama, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na rubuto lokacin da idonta na hagu ya mutu. Na roƙe ka ka juyo da kyamarar nan ko sau ɗaya tun na dama yana gani. Duk suna nan a wayarka.

Makon jiya, da rana tsaka, ta ce in ɗage labule ɗakin ya yi duhu. Labulen a ɗage yake.

Don haka ban zo roƙon hoto ba, lokacinsa ya wuce. Na ji haushinka, wallahi na ji, har na yi rantsuwar ba zan sake kiran sunanka ba, ga shi na karya. Kai ne dai ƙanena da na goya. So nake kawai ka san yadda take yanzu.

Kullum da safe tana lalube bango har ta kai ga hoton, ta goge gilashin da bakin mayafinta. Sai ta ɗora yatsa ta ce, "Ga shi nan. Ya rame." A kan wani ginshiƙi take ɗorawa, nesa da inda kake. Ban taɓa gyara mata ba.

Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya rufa maka asiri, Ya ciyar da kai halal. Allah Ya sa ta ji muryarka tun kunnen yana ji. In kuma ba rabon ganawa a nan, Allah Ya haɗa fuskokinku a gidan da ba ya rushewa.

Yayarka,
Binta