Tayoyin Da Yaya Madu Ya Aiko

Nguru, 3 ga Maris

Yaya Madu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya kai da iyali, ya aikin gyaran keke?

Saƙonka ya iso ta hannun direban Gashua, na buɗe raina ya ɓaci. Tayoyi marasa nauyi na ce maka, masu ƙananan haƙora, waɗanda ke gudu a busasshiyar ƙasa. Ka aiko mini masu kauri kamar na amalanke! Tseren nan daga Nguru zuwa Gashua ne ta hanyar daji, kuma wanda ya zo na ɗaya kaɗai za a ɗauka ya wakilci jiha. Shekara uku ina shiri. Saura kwana huɗu, kuma nan kasuwa babu irinsu. Ka canza mini su.

Ka gaida Inna.

Ƙaninka,
Alamin

*

Gashua, 4 ga Maris

Alamin,

Wa'alaikassalam. Muna lafiya.

Shekara ashirin ina facin taya, ba kai za ka koya mini ba. Daga Jajimaji zuwa nan tsaidau ne da ƙayar aduwa. Siririyar taya in ta fashe kana cikin gudu a gangare, ƙasa za ka sha. Waɗanda na aiko gefensu mai ƙarfi ne. Rage iska kaɗan don yashi, ka hau. Ba na canzawa.

Inna tana amsawa.

Yayanka,
Madu

*

Nguru, 9 ga Maris

Yaya,

Salamu alaikum.

Ka gan ni a wurin ƙarasawa na wuce ka ban kula ba, to ga dalili. Na zo na biyu. Tsawon keke ɗaya ne tsakanina da Mu'awiya ɗan unguwarku. Tayoyinka ba su yi faci ba, gaskiya ne, amma a kowane tudu ji nake kamar ina jan buhun gero. A miƙaƙƙiyar hanyar ƙarshe na taka feda har idona ya yi duhu, Mu'awiya yana tafiya yana barina.

Da muka tsaya na duƙa na duba kekensa. Ainihin tayoyin da na roƙe ka! Na ce, “Ina ka samo?” Ya yi dariya ya ce, “Ai yayanka ne ya ɗaura mini, har ya zuba ruwan nan mai toshe huda.”

Ashe kana da su a shago. Ashe ka san maganin ƙayar. Ka ba bare, ni ka bar ni da kaya. Shekarata talatin da ɗaya, baɗi ba za su ɗauke ni ba. Faɗa mini abin da na yi maka.

Alamin

*

Gashua, 11 ga Maris

Alamin,

Salamu alaikum.

Ruwan toshe huda ƙaramin rami yake rufewa, ba ya rufe tsaga. Mutum biyar na ɗaura wa siraran tayoyin nan. Mu'awiya ya ci, uku sun turo keke da ƙafa, na biyar ɗin, Goni, yana kwance da karyayyar kafaɗa, jiya na dubo shi. Duk na gaya musu haɗarin, na bar su suka zaɓa.

Kai ne kaɗai ban bari ka zaɓa ba. Wannan laifina ne, na sani. Ka yi fushinka har ya ishe ka, ba zan ce ka daina ba. Amma da za a sake tseren gobe, masu kaurin nan zan sake aiko maka.

Allah ya huci zuciyarka.

Madu