Shaddar da Ban Yanka Ba

Bobiel, Yamai
3 ga Mayu

Zuwa ga Yaya Illo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sa'adatu da yara. Yaya Galmi, yaya aikin albasa? Allah ya sa albarka.

Na koma ga takarda ne don na san halinka da salula: saƙon murya in ya wuce minti ɗaya ba ka ƙarasa shi. Wannan kuwa direban kar, motar fasinja, zai danƙa maka hannu da hannu, sai ka zauna ka karanta.

Ƙanenka Isaka yana kwance asibiti. Ran Talata da hantsi tayar taksinsa ta fashe a hanyar Tondibiya. Ya duƙa zai canza ta, sai ya ji kamar an tsaga masa ƙirji har tsakanin kafaɗu. Gida ya sa aka kai shi. Matarsa Balkisa ta yi abin da gidanmu ya saba yi wa ciwon baya, ta kira wanzami. Ƙaho shida aka kafa masa, aka nuna mana baƙin jini a ƙoƙo wai ga ciwon nan ya fito. Kwana biyu muka ɓata a haka. Ni ma ina wurin, har sannu da aiki na yi wa wanzamin, kuma abin da ke cina ke nan.

Sai da ya suma muka ruga asibiti. Likita ya auna tansiyo, wato ƙarfin bugun jini, a hannun dama, ya auna a hagu, ya ga sun sha bamban, nan take ya tura mu eskaner a ɗauki hoton ƙirjinsa. Bayaninsa ya wuce ni, sai ya tambayi sana'ata, na ce ɗinki. Ya ce to in ɗauka babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya riga ce mai shafi. Shafin ciki ne ya yage, jini ya kutsa tsakanin shafi da yadi yana farke su yana bi. Ranar da yadin waje ya kasa, shi ke nan. Ka ji, ɓarnar tana can ciki, mu muna ta tsaga fata.

Daga nan ya riƙe hannun Yaya Isaka yana duban tsawon yatsunsa, ya tambaya ko a danginmu akwai dogon mutum da ya faɗi farat ɗaya. Balkisa ta ce babu. Ni kuwa sai na tuna Baba a gona, ya dafe baya ya faɗi bai ƙara tashi ba, aka ce iska ce ta buge shi. Kuma duk cikin masu kawo mini ɗinki, ku biyu kaɗai nake ƙara wa yadi a hannun riga. Dogon hannun nan da kuke alfahari da shi, likita ya ce wani lokaci tare yake zuwa da jijiya mai rauni, kuma ana gadonsa.

Ya ce ka zo a duba ka. In an ga jijiyar ta fara faɗi tun ba ta yage ba, akwai magani, akwai aiki. Kafin nan ka bar ɗaga buhu, don Allah. Ba ka rasa masu lodi ba, nuna ƙarfi ne kawai irin naka.

Yaya Isaka sai an fita da shi ƙasar waje, ana haɗa takardu. Ka sa shi a addu'a. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Zuwera

Bobiel, Yamai
19 ga Mayu

Yaya Illo,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa gida lafiya. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Isaka, ya sa ya huta. Takardun tafiyarsa sun fito jiya, Balkisa ko buɗe su ba ta yi ba.

Yaya, ka ɓata mini rai, kuma ba zan ɓoye ba. Kwana bakwai ka yi a Yamai kana karɓar gaisuwa. Na yi ta sintiri har na samo maka ganin likita ran Litinin da safe. Na zo da taksi ƙofar gida, aka ce tun da sassafe ka tafi tasha, wai motocin albasa suna jiranka. Dubawar nan ko awa ɗaya ba ta kai. Ba yanka, ba allura, abu ne kawai za a goga maka a ƙirji.

Na ji abin da ka gaya wa maza a zaure, wai Isaka zaman mota ne ya kashe masa jiki, kai kuwa kowace shekara kana yin ƙaho, jininka tas yake. A zaman makokin wanda aka kafa wa ƙaho shida ka faɗi haka! Na yarda kwana ba ya wuce lokacinsa. Amma likita bai ce zai ƙara maka kwana ba, cewa ya yi ka zo ya duba. Kuma ɗanka Yakuba, bara sau biyu na sake masa hannun riga. In kai ka ƙi, shi wa zai kawo shi?

Na ga shaddar da ka bar mini ta babbar Sallah, da saƙon wai ba sai ka dawo ba, awonka yana littafina. Yana nan kuwa, shafi ɗaya da na Yaya Isaka. Ran da ya rasu, a wannan shafin na duba aka sayo alawayyon likkafani, don na san abin da ake saya wa kowa ba zai rufe shi ba.

Na ninke shaddarka na sa a akwati. Ba zan sa mata almakashi ba sai ka tsaya gabana da takardar likita a hannu, kai da Yakuba. In ka ga dama ka je Idi da tsohuwar riga, ka ce ƙanwarka ce ta yi maka rashin kunya. Na fi son ka yi fushi da ni shekara goma da in sake buɗe shafin nan don farin yadi.

Ka gaida Sa'adatu. Ita ma na rubuta mata, don haka kada ka wahalar da kanka ɓoye wannan.

Ƙanwarka da ke jiranka,
Zuwera