Na Shida a Layin Bugu

Mansura, Doha
7 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ya karatu, ya ruwan Zariya? Mu nan har yanzu zafi bai sauka ba. Umma da Baba suna gaishe ka.

Yaya, a takarda na rubuta wannan, sannan na ɗauki hotonta na turo maka, domin in a waya ne ba zan iya faɗa ba, ka san halina. In ka karanta ka goge. Ban gaya wa kowa ba, ko Umma. Ina jin Baba ba ya gani sosai.

A wajen kallon besbol, wasan nan na bugun ƙwallo da sanda, na gane. Har yanzu duk Asabar da ƙarfe sha ɗaya muna zuwa Gharrafa, gidan Mista Kang, mu kalli ƙungiyar garinsu. Shekara goma sha huɗu Baba yana tuƙa mutumin nan, amma har yau bai iya kiran sunan ɗan wasan Koriya ko ɗaya ba, sai waɗanda ya laƙaba musu: Dogo, Mai Hagu, Tsoho. Ka san yadda yake son Tsoho, kuma ka san kullum Tsoho ne na shida a layin bugu, bayan Mai Hagu.

To, mako uku da suka wuce kocin ya ajiye Tsoho a benci, ya sa wani sabon ɗan wasa a gurbinsa. Siriri ne kamar sandar da yake riƙe da ita, shi kuwa Tsoho ka san tumbinsa. Mai Hagu yana gama bugu, sabon ya fito, sai Baba ya tafa hannu ya ce, “Yawwa, ga Tsoho nan. Yanzu za ku ga aiki.”

Yaya, talabijin ɗin nan ta kai faɗin ƙofa. Mista Kang ya yi ta dariya, ya ɗauka Baba ba'a yake yi wa kocin. Baba ma ya yi dariya, amma sai da ya ji ta Mista Kang tukuna. A nan na gane ba kallo yake yi ba, layin ne ya haddace.

Tun ranar nake zama a ƙasa kusa da ƙafarsa, ina faɗa masa a hankali da Hausa wa ya fito bugu, sau nawa ya kuskure, wa ya buga ya ruga ya tsaya a tashar farko. Bai ce in yi ba, bai kuma ce in daina ba. Mista Kang yana ganin wasan nake koyo, har ya ba ni hular ƙungiyar.

Abin da ke damuna shi ne kullum da safe Baba ne ke kai 'ya'yan Mista Kang biyu makaranta. Ƙaramar ba ta cika shekara bakwai ba. Ban san abin da zan yi ba.

Ka gaida su Gwaggo. Allah ya ba da sa'ar jarrabawa.

Ƙanwarka,
Sumaiya


Samaru, Zariya
10 ga Satumba

Malama Sumaiya, likitar ido,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, ruwa kuwa ya hana ni shanya ko safa. Ashe kin iya dogon zance haka? Shekara goma sha uku ina jiran ki haɗa min magana biyar a jere, ashe biro kike jira.

Bari in fara da Tsoho, tunda ina bin wasan a waya. Ai kocin nan ya makara ma. Mutum ya fito bugu sau talatin, sau huɗu ya samu ƙwallo. Yanzu ba abin da ake sa shi sai ya tara sanda, ƙwallo ta ɗan taɓa ta gangara, a fitar da shi, wai don wanda ke tasha ya matsa gaba. Wannan ai roƙo ne, ba bugu ba. Ni da ni ne, siririn nan zan bari a na shida har ƙarshen kaka, in dawo da Dogo na huɗu, kowa ya buga da ƙarfi ƙwallo ta tsallake katanga. Ba ni kaɗai ba ne, duk magoya baya haka suke faɗa. Baba ne kawai da wasu tsofaffi suka rage wa Tsoho.

Yanzu maganar Baba. Sumaiya, kada ki kuskura ki faɗa wa kowa a gidan can. Mista Kang mutumin kirki ne, shi ya tsaya aka yi muku takardu ke da Umma, amma kafil, mai ɗaukar nauyin zamanku a can, kafil ne. Ranar da ya ji direbansa ba ya gani, khalas, shi ke nan. Aikin Baba ya tafi, takardar zamanku ta bi shi, ke kuma yanzu kika shiga sakandare. Kin san ajin da za a jefa ki a nan? Mutum tamanin, rabinsu a kan taga.

Kuma kada ki tsorata kanki. Duk wanda ya haura hamsin idonsa yana raguwa. Baba ya san titunan Doha fiye da waɗanda suka zana su. Ki ce wa Umma ta ja shi shagon tabarau a Najma, ko ki ce ke ce kike son a duba naki, ya raka ki. Cikin mako guda magana ta wuce.

Ki gaida Umma, ki ce mata yajin ya kusa ƙarewa. Hular nan kuwa ki ajiye min, ba ta dace da kanki ba.

Yayanki,
Munzali


Mansura, Doha
28 ga Satumba

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri na daɗe ban rubuto ba. Umma ta ba wani mai tahowa Kano yajinka.

Ba maganar tabarau ba ce. Baba yana da tabarau har biyu, na gan su a aljihun mota ƙarƙashin takardun inshora. Akwai kuma wata takardar asibiti da aka rubuta tun watan Mayu. Ban gane Turancin duka ba, amma na ga maganar ciwon suga, na kuma ga inda aka ce ya dawo. Ban ga alamar ya koma ba.

Jiya Asabar muna hanyar Gharrafa, a danjar nan ta wajen Najma, wani mai kai abinci a babur ya tsaya a gabanmu. Jar riga ce a jikinsa, da babban akwati a baya. Baba bai rage gudu ba. Na ce “Baba!” sai ya taka birki, kaina ya bugi gaban mota. Tsakaninmu da babur ɗin bai kai taku ɗaya ba. Mutumin ya juyo yana ta faɗa da yarensu. Baba ya ɗaga masa hannu, ya ce min rana ce ta haske masa ido. Yaya, ranar tana bayanmu.

Da muka isa, an dawo da Tsoho layi. Mai Hagu yana tashar farko, kocin ya ba da alama a yi wannan ɗan taɓin da ka tsana. Ni ban tsane shi ba. Ina ganin ba kowa zai yarda a fitar da shi don wani ya matsa gaba ba. Amma mai jifan ya sako ƙwallo da gudu, Tsoho ya tara sanda a inda ba nan ta biyo ba, ta tashi sama, aka cafe. Mai Hagu ya riga ya taso da gudu domin ya yarda da Tsoho, shi ma aka fitar da shi kafin ya koma. Mutum biyu a jifa ɗaya.

Sai gardama ta tashi. Mista Kang ya ce ya fi Baba son Tsoho, tun yana saurayi yake rera waƙarsa a filin wasa, amma idon mutumin ya daina bin ƙwallo mai gudu, kuma ya kamata ya sauka da kansa kafin a sauke shi. Baba ya ce ba a yi wa wanda ya yi shekara ashirin yana hidima haka. Ya ce siririn nan gudu kawai gare shi, bai san komai ba. Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Mista Kang murya ba sai jiya.

“Hannunsa ya san inda ƙwallo za ta biyo,” in ji Baba. “Ba sai ya gan ta ba.”

Mista Kang ya ce, “Dikko, ka tambayi Mai Hagu.”

Baba ya mai da fuskarsa ga talabijin. Ni kuma na ci gaba da faɗa masa wasan a hankali har aka tashi, aka cinye mu biyar da biyu. Ƙaramar 'yar Mista Kang ta zo ta zauna a jikina tana wasa da hijabina. Ta ce min ita a baya take zama, bayan kujerar Baba, domin ta fi son ɓangaren.

Yaya, ka ce in yi shiru, na yi. Amma ni ce nake taimaka masa ya ɓoye, ko ba haka ba ne?

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Sumaiya


Samaru, Zariya
1 ga Oktoba

Sumaiya,

Salam. Na karanta sau uku. Ya kan naki, ya kumbura?

Na kira Baba shekaranjiya. Na zagaya na zagaya, sannan na tambaye shi ya idonsa. Ya ce wa ya ce min wani abu ya samu idonsa. Na ce ba kowa, mafarki na yi. Ya ce in mai da hankali kan abin da aka turo ni yi, ya kashe. Ban san yadda ake gaya wa uba irin wannan magana ba, ke ma kin sani.

Abin da nake roƙonki shi ne ki bari zuwa Disamba. Ki gama zangon nan, ni ma in gama nawa, in samu Kawu Iliasu ya yi masa magana, tunda Baba yana jin maganarsa. Wata biyu da ɗoriya ne kawai. Baba ya yi wata biyar a haka ba abin da ya faru. Na san abin da za ki ce game da mai babur. Na sani. Amma in ya fito daga bakinki, Baba ba zai manta ba, ke ma ba za ki manta ba.

Na ga an sanar Asabar ɗin nan Tsoho zai yi wasansa na ƙarshe. An ce shi ya je ya samu kocin da kansa. Na daɗe ina so ya tafi, yanzu kuma ban ji daɗi ba.

Ki yi addu'a, ki kama bakinki. Ki gaida Umma.

Yayanki,
Munzali


Mansura, Doha
5 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Kaina ya warke.

Na kama bakina kamar yadda ka ce. Jiya da muka shiga falon Mista Kang ban zauna kusa da Baba ba, na je can gefen taga. Ya waiwaya sau biyu yana nemana. Na ji kamar in tashi, amma ban tashi ba.

Saboda ranar ƙarshensa ce, sai aka sa Tsoho na farko a layi don girmamawa. Ya fito, filin duka ya miƙe ana rera waƙarsa, Mista Kang ya miƙe shi ma yana share ido. Baba yana zaune, ya ɗauka waƙar buɗe wasa ce. Sai da aka zo na shida, siririn nan ya fito, Baba ya miƙe tsaye shi kaɗai, ya cire hula, ya ce, “Allah ya saka maka da alheri, Tsoho.”

Wannan karon Mista Kang bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon Baba, sannan ya kalle ni. Na sunkuyar da kai. Da aka tashi ya ɗauki makullin mota a kan tebur ya ce yau shi zai kai mu gida, gobe kuma su je asibiti tare. Bai ce komai a kan aiki ba tukuna. Yau da safe Mista Kang da kansa ya kai yaran makaranta.

A mota ni da Baba muka zauna a baya. Ban taɓa ganin sa a kujerar baya ba. Da muka wuce Najma sai ya tambaye ni, ba tare da ya juyo ba, me Tsoho ya yi a bugunsa na ƙarshe. Na gaya masa gaskiya, ya kuskure sau uku aka fitar da shi. Ya ce to.

Bai tambaye ni dalilin da na sauya wurin zama ba. In ya tambaya zan faɗa masa. Ka tambayar min Gwaggo wane aji za a sa ni a can, da littattafan da ake bukata. Hular tana cikin jakata, zan taho maka da ita.

Ka yafe min in na saɓa maka.

Ƙanwarka,
Sumaiya