Zana a Kan Gadon Magina

Magariya, Maris 1949

Zuwa ga aminina Sambo, a Waca.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, yaya Asabe da yara, yaya shanu da wannan zafi da ya kunno kai? Ka gaida Hamma, ka ce ina tambayar ƙafarsa. Ka leƙa gidana ka gaya wa Falmata ina nan lafiya, ina cin abinci, ko da bai kai nata ba.

Bayan haka, azarata sun iso duka arba'in, babu wadda ta tsage. Takarkaranka sun yi ƙoƙari, sun fi mai su. Na san har yanzu kana bin gari kana cewa Babarbare ya sare giginyoyin ubansa ya tafi sayar da tsani. To Bafillace, buɗe kunne in sake gaya maka, ba tsani ba ne. Magininmu na gida hawa bango yake ya zauna kamar kan jaki, ana jefa masa tubali. Ginin siminti ba a zama a kansa. Sai an kafa itatuwa a jikinsa, a gitta wasu, a ɗaure da igiyar kaba, a shimfiɗa katako, magina su tsaya su yi aiki. Gadon magina muke ce masa.

Shekara biyu na yi ina ɗaura shi a Damagaram lokacin aikin tilas, gardi na tsaye a kanmu da bulala. Shi kaɗai na fito da shi daga hannun Nasara, ban da ciwon baya. Shi ya sa na ce bari in yi shi da itacena, in wayi gari babu mai kirana da usur. Na kusa hamsin, Sambo. In ban tsaya da ƙafata bana ba, ba zan tsaya ba.

Na samu aikin farko. Wani Balaraben Sham mai sayen gyaɗa yana gina mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, a bayan kasuwa, doguwa, ta fi kowane soro a unguwar. Maginansa 'yan Dahome ne. Dogo, wanda muka yi tilas tare, ya zo daga Dungas muna yi mu biyu. In wannan ta tashi lafiya, akwai wasu biyu da za a gina baɗi.

Ba na sa rai da yawa, ka san ni. Amma jiya na tsaya a hawa na uku na girgiza shi da dukan ƙarfina, bai motsa ba.

Naka,
Maina

Magariya, farkon watan azumin tsofaffi

Sambo aminina,

Ina gaishe ka, ina gaida gida duka. Saƙon man shanu ya iso, Allah ya ƙara arziki. Falmata ta aiko tana tambaya ko zan zo shuka. Ka ce mata in Allah ya so.

Na yi wani kuskure, kuma ina jin kunyar rubuta shi.

Yamma da mangazar akwai gidan wani tsohon maɗinki, Malam Illa. Katangarsa da gindin gadona bai fi taku biyar ba. Ran kwana tara da ginin ya kai hawa na uku ya zo bayan azahar, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi garinmu, ya tambaya ko mahaifiyata na da rai. Sannan ya ce yau kwana tara matarsa Hinda da 'ya'yansa mata ba su taka tsakar gida ba daga hantsi zuwa magariba. A cikin ɗaki suke hura wuta, a wannan bazara. Makewayinsu ba rufi. Tsohuwarsa Dada, wadda da kyar take tashi, ta rage shan ruwa da rana don kada ta buƙaci fita. Ya faɗi wannan yana kallon ƙasa. Da zagina ya yi da na fi jin sauƙi.

Na hau na duba. Sambo, har tukunyar da ke gindin randarsu ana gani. Wata biyu ina hawa da sauka, idona na kan ƙulli, ban taɓa waiwayawa ba.

Ni da aka haifa a Waca. Ko jinka mutum zai gyara, sai ya ɗaga murya sau uku ya ce za a hau, mata su kintsa. A Damagaram gine-ginen Nasara muke yi a fili, babu gidan kowa a kusa, har bakina ya manta. Amma ko da na yi kiran, me zai gyara? Wanda ya hau jinka kafin a sauke tukunya ya sauko. Ni kuwa na dasa maza takwas a kan gidan mutum har watanni. 'Yan Dahomen ba mugaye ba ne, waƙarsu suke suna aiki, amma ido ido ne.

Na je wurin Balaraben. Ya fito da takardar kwamandan, Nasaran da ke mulkin garin, ya kaɗa mini, ya ce fili nasa ne har sama, in matan ba sa son a gan su su yi rufi. Ya ce in na sauke itace ɗaya kafin a gama, in kwashe duka. Na je wurin mai unguwa. Shi kuma ya ce baƙon da ya buɗe gidan mutane ba ya sake samun mai amsa masa sallama a garin nan, in nemi dabara.

Dabarar da na samu ita ce zana. Na sayi goma sha biyu na gamba, masu kauri, na ɗaure su a bayan gadon daga hawa na biyu har suka zarce kan ginin. Yanzu magina na aiki kamar a cikin rumfa, ba sa ganin komai sai bango. Washegari na ji ana daka a gidan Malam Illa, har da luguden tabarya.

Dogo bai yarda ba. Ya ce abin da ya sa gado ke tsayawa shi ne iska na bi ta tsakanin itatuwa ta wuce, ni kuma na toshe mata hanya. Ya ce ban ɗaura zana ba, na ɗaura wa gadon fukafukai. Na san gaskiya ya faɗa, ni na koya masa haka. Na ce masa kafin hadarin farko an gama, in kuma muka ga gabas ta yi baƙi sai mu kwance. Sai dai siminti ya ƙare, motar da za ta kawo daga Kano yau kwana goma sha ɗaya ana jiranta.

Kullum da safe gabas nake fara kallo. Ka taya ni addu'a ruwa ya yi jinkiri, ko da yake na san kai da shanunka akasin haka kuke roƙo, kuma ku kuka fi ni gaskiya.

Ka gaida Asabe.
Maina

Magariya, tsakiyar Sha'aban

Sambo,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Na ji an yi ruwan shuka a Waca, Allah ya sa albarka.

Gadon ya faɗi. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya ji ciwo, in fara da wannan kafin labari ya zo maka da ƙari.

Ranar Talata ce da la'asar. Saura kwana shida a ɗora kwano. Muka ga hadari ya taso, magina suka sauka, ni da Dogo muka hau kwancewa. A nan aikina ya ci ni. Saboda zanar farko ta taɓa buɗewa, na bi duka na yi musu ɗaurin da nake yi wa itace, igiyar kuma ta sha rana ta ƙame. Huɗu muka yanke. Iskar ta iso ta bisa ginin ta cika sauran, na ji katako na tashi ƙarƙashin ƙafata. Na ce wa Dogo ya dira. Muna taɓa ƙasa gadon ya rabu da bango a hankali, kamar mai sunkuyawa gaisuwa, ya kwanta a kan gidan Malam Illa.

Ya rushe katangar tun daga zaure har makewayi, ya fasa rufin ɗakin Dada. Allah ya sa Hinda ta riga ta ja ta zuwa nata ɗakin saboda ƙura. Gidan da na so in rufe, sai da ya kwana uku duk mai wucewa kasuwa yana ganin cikinsa.

Azara ashirin da tara sun karye. Magina sun ce ba za su sake taka itacen da na ɗaure ba, kuma ban ga laifinsu ba, suna da 'ya'ya. Mai unguwa, wanda ya zo da kansa ya yaba zanar, yanzu yana tambayar mutane wane mahaukaci ne ke shanya zana a sama damina na bakin ƙofa. Dogo bai ce ai na gaya maka ba. Ya taya ni janye itatuwan, ya koma Dungas gona.

Malam Illa bai kai ni ƙara ba, ko da yake an zuga shi. Na rufe masa wurin da zanar da ta rage, ina kwaɓa ƙasa ina tayar masa da katangar ni kaɗai, ruwa na rushe rabin abin da na ɗora. Azara goma sha ɗayan da suka tsira na sa su a rufin tsohuwar. Kullum sai an aiko mini da tuwo daga gidan. Ina ci, don ƙin ci wulaƙanci ne.

Balaraben ya ɗauko wani daga Kano da gadon ƙarfe, mai kusoshi, wanda ba ya son igiya. Sun kafa shi cikin kwana biyu. Babu zana a jikinsa. An ajiye gardi a gindi don kada kowa ya zo da magana. Daka ya sake tsayawa a gidan Malam Illa.

Mutumin Kanon ya ga na san aiki, ya ce yana neman lebura mai miƙa ƙarfe. Na ce a ba ni kwana biyu in yi tunani, ban san abin da nake tunani ba. Jiya na je na ba da sunana.

Don haka kada ka turo takarkarai, babu abin ɗauka. Ba zan zo shuka ba, katangar mutum na buɗe. Ka shuka mini gefen rijiya, iya abin da Falmata za ta iya nomewa, sauran a bar shi. Ka gaya mata yadda abin ya faru duka, kada ka gyara mini. In kuma kana da ba'ar da ka tanada, ka yi ta yanzu a bayan idona, don in na dawo ba na jin zan iya ramawa.

Allah ya bar zumunci.
Maina