Inna da Kaskon Jatan Lande

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya raba ku da ciwo, ya yi wa nemanku albarka. Mu nan sai godiya. Maiɗakina an mayar da ita aikin yamma a asibitinsu, tana fita ina shigowa, a bakin ƙofa muke gamuwa kamar masu canjin gadi. Auta ta zubar da haƙoran gaba, duk wanda ya shigo sai ta nuna masa giɓin. Ni kuma ina nan ina fama da ɗalibai da alli.

Abin da ya sa na zauna rubutu ban kira ki ba, maganar Inna ce, don in ina waya kunnenta yana wurin. Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same ta muka ɗauko ta, ƙafar ta yi sauƙi, tana takawa da sanda. Hannun dama ne yake kwance a cinya kamar ba nata ba. Mai gashin ƙashi ya yi ya yi ta riƙa motsa shi, ta ce ya shafa mata lafiya. Farkon watan jiya ta kira ni ta ce in wata ya ƙare za ta koma gidanta. Na tambaye ta wa zai zauna da ita, ta ce da can wa yake zaune da ita. Kin san matakalar gidan da santsin banɗakinsa, in ta faɗi babu mai jin ta. Da na matsa sai ta ce mun mayar da ita kayan ɗaki: ta miƙa hannu ga tsintsiya a ce ta huta, ta leƙa kicin a rako ta falo. Mu kuwa a ganinmu gata muke yi mata.

Ana cikin haka saƙonki ya zo, wanda kika bayyana yadda kike soya jatan lande da kayan lambu, tunda likita ya rage mata gishiri da mai da jan nama. Na biya ta shagon masu kifi na sayo jatan landen, na haɗo karas, kabeji, koren wake, tattasai ja da kore, albasa, ɗanyar citta da tafarnuwa, har da kwalbar baƙin ruwan waken soya mai ƙarancin gishiri da kika ce. Kin nanata cewa a gama yanka komai kafin a kunna wuta. Ni kuwa na yi yadda muka tashi muka ga ana yi a gidanmu, na aza mai, na jefa tafarnuwa, sannan na ɗauko wuƙa. Ina kankare karas tafarnuwar ta zama gawayi. Hayaƙin ne ya taso Inna daga falo. Ta tsaya a bakin ƙofa da sandarta, ta tambaye ni laifin me tafarnuwa ta yi mini.

Ranar ban ce ta je ta huta ba, don ni kaina neman ceto nake yi. Ta ja kujera ta zauna, ta sa na karanta mata bayaninki. Da na gama ta ce girkin da babu ruwa babu murfi ai tsoratar da abinci ne kawai, kuma ita ba ta koya miki haka ba. Ta sa na wanke kasko na sake, na juye komai lokaci guda, na tsiyaya ruwa na rufe. Da muka buɗe, kabeji ya yi laushi kamar tsumma, jatan landen ya ƙanƙance, in kina tauna shi sai ki rantse silifa ne. Yara suka ture shi gefe suka cinye shinkafarsu fara. Na zaci a kanki za ta sauke, sai na ga tana juya cokali a cikin abincin. Can ta ce in na fita gobe in sake sayowa. Kin san Inna, matar da ta yi shekara da shekaru tana ciyar da ma'aikata a ƙofar masana'anta, girki bai taɓa kayar da ita ba, balle a gaban jikoki.

Washegari muka bi maganarki tiryan-tiryan. Na ɓare jatan landen, na tsaga bayansa na zare baƙin zaren nan, na wanke da lemun tsami, na tsane shi da ƙyalle mai tsabta don kada ya saki ruwa a kasko. Na yanka kayan lambu siri-siri, kowanne a kwanonsa. Ita ta jera kwanukan a kan tebur da hannun hagu, mai tauri a gaba, mai laushi a baya. A nan muka gane abin da ba ki faɗa ba, cewa girkin nan ga wanda bai saba ba aikin mutum biyu ne, don wutar ba ta jira a juya a ɗauko kwano. Sai muka raba, ni juyawa, ita zubawa. Mai kaɗan, wuta sosai. Jatan lande ya fara shiga, yana barin launin toka ya yi ja ya lanƙwashe ta ce in kwashe. Sai citta da tafarnuwa, karas da koren wake, tattasai da albasa, kabeji a ƙarshe. Muka mayar da jatan landen, ta ɗiga ruwan waken soya, na kashe wuta. Duk abin bai kai tsawon gaisuwarki a waya ba.

Ga abin da nake so ki sani. Mariƙin kaskon namu ya saki, in ina juyawa da ƙarfi sai kaskon ya riƙa zagaye a kan murhu. Muna tsakiyar zuba kabeji, hagunta riƙe da kwano, kaskon ya zame zai kife. Sai na ga hannun dama ya taso daga cinya ya sauka a kan katakon mariƙin. Yatsun ba su rufe duka ba, amma sun riƙe har na gama juyawa. Ita ba ta ma lura ba, faɗa take yi mini wai ina barin gefe yana kamawa. Na sa bayan hannu na share ido. Na san in na nuna na gani za ta janye shi, sai na ce hayaƙi ne ya shigar mini ido.

Tun daga nan duk ƙarshen mako muna yi, kuma ban gyara mariƙin ba. Wata ya ƙare ba ta ta da maganar tafiya ba, sai dai ta ce ba za ta bar girki a rabi ba, in ya fito yadda take so sai ta kama hanya. To, makon da ya wuce ya fito. Karas yana ƙaras-ƙaras, tattasai da launinsa, jatan lande da taushi da zaƙi, har maiɗakina ta ɗebi saura ta tafi da shi wurin aiki. Ni kuwa ina ci ina jin tsoro, na kasa yabawa. Inna ta tauna a hankali, ta dube ni, ta ce karas ɗin ya yi kauri, sai an sake. Wallahi Yaya karas ɗin nan ba shi da laifin komai. Na ce ni ma na ji kaurin. Jiya kuma citta ce ta yi yawa.

Don haka in ta kira ki tana ƙorafin cewa girkin naki ya ƙi daidaituwa, kada ki tsaya yi mata bayanin inda kuskure yake. Ki ce ke ma sai da kika daɗe kafin ya zauna miki.

Ki gaishe mini da maigida da kyau, da babban yaronki da 'yan biyu, da surukarki in ta zo. Maiɗakina da yara suna gaishe ku. Inna ma tana gaisuwa, ta ce a gaya miki wai kin rage wani abu a bayanin, tana nan tana nemansa. Allah ya sada mu da alheri.

Naki,
Ƙaninki