Aradu a Kan Gidan Gilashi

Filin gwajin jirage,
6 ga Fabrairu, 1956

Yaya Cyril,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Baba kuna lafiya. Ya sanyi?

Aiki ba laifi. Jirgin nan da kuka gani a jarida, mai fiffike mai kusurwa uku, shi nake yi wa lissafi. Idan ya wuce gudun sauti, iskar da yake turawa takan dunƙule ta faɗo ƙasa da ƙara kamar aradu, a faɗin kusan mil ashirin. Gilasai kan fashe. Saboda haka aka ba ni taswira in ja layin da zai bi, inda mutane suka fi ƙaranci. Ko abinci ba na iya ci sosai.

Yaya, danƙon da ke riƙe gilasan tsohon gidan tumatir, an sabunta shi bana?

Ƙanwarka,
Enid

Gida, 9 ga Fabrairu

Auta mai digiri,

Muna amsawa, lafiya lau. Ke da ba ki taɓa riƙe wuƙar danƙo ba, kullum kina gindin murhu da littafi, yau ke ce mai tambaya? To, ba a sabunta ba. Tumatir ya tsiro a gidajen gilashin duka uku, ganye bibbiyu, ƙanƙara kuwa kwance a gonaki har tsakar rana. Kin san shi ne abincinmu na shekara.

Baba ya ce, "Yarinyar nan tun tana ƙarama, in ta fasa kofi sai ta fara tambayar lafiyar kyanwa. Tambaye ta me ta fasa."

To, me kika fasa?

Yayanki,
Cyril

Filin gwajin jirage,
12 ga Fabrairu

Yaya Cyril,

Ina gaishe ku da girmamawa. Ban fasa komai ba tukuna.

Layi biyu ne kawai na'urar bin sawun jirgin za ta iya gani. Ɗaya ya ratsa kan gari mai makaranta da gidan kula da tsofaffi, waɗanda yawancinsu sun kwana ƙarƙashin ruwan bama-bamai lokacin yaƙi. Ɗayan ya bi ta kan gonaki, gidaje ƙalilan. Lissafina ya faɗa kan na gonakin. Na sake lissafin ina neman kuskurena, ban samu ba. Da na canja lamba guda, ba wanda zai gane. Ban canja ba. Shugabana ya duba ya ce, "Madalla, Malama Harbottle, nan ai babu kowa sai kabeji." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Na yi rantsuwar riƙe sirri, ba zan faɗi wuri ko rana ba. Abin da jarida ta riga ta buga kawai zan maimaita: manoman da suka bar tagogin gidajen gilashinsu a buɗe sun ce asararsu ta fi sauƙi. Na san buɗe taga a wannan sanyi ma kisa ne ga tsiro. Ban san wanda ya fi ba, Yaya. Nan lissafina ya ƙare.

Ka karanta wa Baba yadda na rubuta, kada ka sassauta.

Ƙanwarka,
Enid

Gida, 17 ga Fabrairu

Enid,

Gaisuwa. Baba ya ƙi buɗe taga, wai ba zai kashe tsironsa da hannunsa ba. Jiya da hantsi ƙarar jirgin ta faɗo. Sababbin gidajen biyu sun tsira. Tsohon ya zube rabi. Mun rufa da buhuna da bargunan gadonmu, amma tsiron da ke ciki ya mutu.

Maƙwabcinmu Arthur Pocklington ya zo yana tsine wa wanda ya aiko wannan bala'i. Baba yana tsintar gilashi, bai ko ɗago ba, ya ce, "Kama bakinka, Arthur. 'Yata ce ta aiko shi, kuma ta san inda ta hana shi zuwa."

Ki zo ran Asabar. Baba ya saya miki wuƙar danƙo, za ki taya mu gyara.

Cyril